Idon Kafinta Bayan Shekara Arba'in

Jawabi ga kafintoci da masassaƙa da sauran masu aikin katako



Duk wanda ya zaga kasuwannin katako na ƙasar nan, ko 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, ko Katako ta Jos, ko Kugbo a Abuja, ko Bodija a Ibadan, ko Mushin a Legas, zai tarar da wani mutum wanda kamanninsa ɗaya ne a ko'ina. Dattijo ne mai shekara 50 ko da 'yar ɗoriya, ya yi wajen shekara 30 yana riƙe da zarto, kuma a layinsu babu wanda ya fi shi iya haɗa ƙofa ko kabad. Za a gan shi ya ja tef ɗin awo, ya miƙa hannu nesa da fuskarsa, ya ƙanƙance ido, ya juya wajen ƙofa. Can sai ya kira yaron shago ya ce, "Kai, zo ka duba mini nan, nawa ya nuna?" Yaron ya faɗa, maigida ya ce, "To, haka na gani, gwada ka nake yi." Yaron ya san gaskiya, maigida ma ya san yaron ya sani.

Abin yana da ban dariya, amma ƙarshensa hasara ce. Katako in an yanke shi ya gaza awo, ba ya komawa, ga shi kuwa kowa ya san tsadarsa. Ƙofar da ta bar rata, da aljihun tebur da ya ƙi shiga, su ne ke korar mai ba da aiki, kuma ba safai yake faɗin dalili ba, sai dai a ga ya koma wajen wani. Mafi muni shi ne yatsa. Mutumin da ba ya ganin layin fensir daga inda ya saba tsayawa, tilas ya sunkuya ya kusantar da fuska da hannu ga bakin inji. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A wajen kafinta kuwa ido shi ne mudun, shi ne jarin.

Ga abin da ke faruwa. A cikin ido, bayan baƙin nan da ake gani, akwai wani ɗan abu garai-garai mai siffar ƙwayar wake, wanda za a iya kira madubin cikin ido. Aikinsa shi ne tattara haske ya kai shi daidai kan wata shimfiɗa da ke can ƙuryar ido. Idan mutum zai dubi abu na kusa, sai wasu 'yan jijiyoyi su sa madubin nan ya ƙara kumbura. In zai dubi nesa, ya sake miƙewa. A ƙuruciya madubin yana da taushi ƙwarai, shi ya sa yaro ɗan shekara 10 yake iya ganin rubutu sarai ko da an kawo shi kusa da hancinsa. Da tafiya ta yi tafiya sai madubin ya riƙa taurara a hankali, har ya zama tsakanin shekara 40 da 45 ba ya iya kumbura gwargwadon da aikin kusa yake bukata. Wajen shekara 60 kuwa ya kusa daina motsi ɗungum. Wannan ba cuta ba ce, kuma ba sammu ba ne, ba kuwa garin katako ne ya jawo shi ba. Yana samun malami da tela da sarki, kamar yadda furfura take samunsu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2019, ta ƙiyasta cewa mutum wajen miliyan 826 ne suke fama da wannan raunin ganin kusa ba tare da sun sami tabarau da ya dace ba.

Akwai abu na biyu wanda mutane ba su cika sani ba. 'Yar ƙofar nan da ke tsakiyar baƙin ido, wadda haske yake bi ya shiga, tana ƙara tsukewa da shekaru, madubin kuma yana yin ɗorawa-ɗorawa. Sakamakon haka, hasken da yake isa ƙuryar idon mai shekara 60 bai wuce kashi ɗaya cikin uku na wanda yake isa idon ɗan shekara 20 ba. Watau maigida da yaronsa suna tsaye a shago ɗaya, ƙarƙashin fitila ɗaya, amma shagon maigida ya fi duhu. Idan dattijo ya ce wurin nan babu haske, yara suka ce akwai, to, duka gaskiya suka faɗa.

Saboda haka gyara yana farawa daga haske, kuma hasken rana shi ne mafi araha. A filin da rana take tsaka, haske yana kai wa lukus 100,000, lukus kuwa shi ne ma'aunin hasken da ya sauka a kan abu. Amma shagon da aka yi da kwano da fale-falen katako, babu taga, ga allunan katako an jingina ko'ina, abin da yake isa kan teburin aiki kaɗan ne ƙwarai. Ƙa'idar da ake bi a masana'antun Turai ta sa lukus 300 ga aikin haɗawa da manne katako a kan tebur, 500 ga aiki a kan inji, 750 ga aikin ado da shafa fenti, sa'an nan 1,000 ga duba aiki bayan an gama. Wanda ya manyanta sai ya nemi abin da ya ɗara wannan. Wayoyin hannu na yanzu suna iya gwada lukus a ƙiyasce, kuma duk yaron shago zai iya nuna wa maigidansa yadda ake yi.

Inda aka ajiye tebur yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Kafintan da ya ba ƙofa baya, inuwarsa ce take rufe aikinsa. Wanda ya fuskanci ƙofa kuma, hasken waje yana dukan idonsa, 'yar ƙofar idon ta ƙara tsukewa, katakon da ke gabansa ya zama dishi-dishi; idon da ya tsufa kuwa ya fi jin wannan ƙyalli. Abin da ya dace shi ne haske ya zo daga gefe: daga hagu ga mai aiki da hannun dama, daga dama ga bahago, don kada inuwar hannu ta faɗa a kan layin da ake bi. Sau da yawa juya tebur kawai ya isa ya sa mutum ya ji kamar an wanke masa ido. Bango in an shafa masa farar ƙasa yana mayar da mafi yawan hasken da ya same shi, alhali baƙin bango shanyewa yake yi. A rufi kuma ana iya cire fallen kwano ɗaya a sa na roba mai shigar da haske, amma kada a yawaita, domin yana shigo da zafi. Masassaƙan turmi da kujera da akushi waɗanda suke aiki a gindin bishiya su ma sai su lura: hasken da yake ratsowa ta cikin ganye, nan fari nan baƙi, yana gajiyar da ido, inuwar rumfa mai buɗaɗɗen gefe ta fi shi.

Game da fitilar lantarki, kuskuren da aka fi yi shi ne rataye ƙwai ɗaya tal a tsakiyar rufi. Akwai wata ƙa'ida ta haske wadda ya kamata kowane mai sana'a ya riƙe: in aka rage nisan fitila da rabi, hasken da yake sauka a kan aiki yana ninkuwa sau huɗu. Ƙwan da yake rataye mita 2 daga tebur, in aka sauko da shi zuwa mita 1, ya zama kamar an kunna huɗu, ba a ƙara ko kwabo a kuɗin wuta ba. Sai dai a yi masa 'yar hula ta kwano don kada ya riƙa haska ido kai tsaye. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da haske kamar tsohon ƙwai mai wat 60, ba ya kuma zafi irin nasa, abin da yake da amfani a wurin da garin katako da man fenti suke. Don wannan dalilin ne kyandir da fitilar kananzir ba su da wurin zama a shagon kafinta ko kaɗan. Farin haske mai kama da na hantsi ya fi mai ja-ja ko mai shuɗi-shuɗi. Ƙura kuwa, musamman da hunturu, tana lulluɓe ƙwai ta cinye haskensa a hankali ba a sani ba. A kashe a goge shi duk mako.

Bayan fitilar sama, ana bukatar wata ƙarama mai lanƙwasuwar wuya wadda za a iya ja zuwa inda ake so. A nan akwai wata dabara da tsofaffin gwanaye suka sani tun kafin lantarki ya zo, lokacin da suke ɗaga katako su karkata shi wajen hasken safiya. Hasken da ya sauko daga sama yana ɓoye aibin katako, amma wanda ya kwanta ya bi fuskar katakon daga gefe yana sa kowane ɗan tudu da kowane ɗan rami ya yi inuwa. Da haka ake ganin sawun samfefa, da busasshen gam, da layin da aka ja da wuƙa, tun kafin a shafa fenti ya tona asiri. Tocila ta talaka ma tana yin wannan aiki in an kwantar da ita a bakin allon. Tocilar goshi kuwa tana da rana wajen ɗaura ƙarfen ƙofa a cikin kabad, ko aikin rufi a gidan da ba a ja wuta ba tukuna.

Akwai haɗari guda biyu game da haske da inji waɗanda lalle ne a ambata. Wutar lantarki ta ƙasar nan tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, saboda haka dogon ƙwai irin na da, da kuma LED mai arha, suna ƙyafta haske sau 100 a daƙiƙa. Ido ba ya lura, amma wannan ƙyaftawa tana iya sa zarton inji da ke juyawa ya yi kamar ya tsaya cik ko yana tafiya a hankali. A shagon da janareta yake ruri, kunne ma ba zai taimaka ba. Kada a taɓa kai hannu ga zarto don ido ya ce ya tsaya; a kashe, a jira, a tabbata. Na biyu, idon dattijo yana daɗewa kafin ya saba da duhu. Wanda ya shigo daga rana tsaka sai ya ɗan dakata kafin ya kunna inji. Haka nan yana da kyau a rataye fitila mai caji wadda take kunna kanta in an ɗauke wuta, kuma da zarar an ɗauke a kashe makunnin inji, don kada wuta ta dawo ya tashi da kansa hannu yana kusa.

Sai maganar tabarau. Fiye da shekara 700 ke nan da aka fara yin sa a ƙasar Italiya, kuma irin wanda aka fara yi shi ne na ganin kusa, domin dattawa. Amfaninsa ga mai aikin hannu an gwada shi. A wani bincike da aka buga a 2018, wanda aka yi a kan masu tsinkar ganyen shayi a jihar Assam ta Indiya, waɗanda aka ba tabarau na kusa sun ƙara yawan abin da suke tsinka a rana da kashi 21 da ɗoriya cikin 100, waɗanda suka haura shekara 50 kuwa da kusan kashi 32. Duk da haka har yau akwai kafintan da yake ɓoye nasa a aljihu don kunya, ko kuma ya ƙi saye sam domin ya ji an ce tabarau yana ƙarasa kashe ido. Wannan magana ba ta da tushe. Madubin cikin ido zai ci gaba da taurara ko an sa tabarau ko ba a sa ba. Shi ya sa ake bukatar ƙarin lamba bayan 'yan shekaru, mutane kuma sai su ɗora wa tabarau laifin da yake na shekaru ne.

Lambar da take jikin tabarau tana da ma'ana. Galibi mai shekara 40 zuwa 45 yakan fara da +1.00, ya hau +1.50, wajen shekara 50 zuwa 55 ya kai +2.00, daga bisani +2.50. Amma a nan ne kafinta ya bambanta da mai karatu, kuma a nan ne da yawa suke ruɗewa. Kowace lamba tana da nisan da take aiki. Ga wanda madubin idonsa ya gama taurara kuma ganinsa na nesa lafiya lau ne, lissafin shi ne a raba 100 da lambar: +2.50 yana nuna abu sarai a santimita 40, +2.00 a santimita 50, +1.50 kuma a wajen santimita 67. Littafi ana riƙe shi a santimita 35 ko 40, amma katakon da ke kan tebur yakan kai santimita 60 ko 70 daga idon wanda yake tsaye. To, mutum ya je kasuwa ya gwada tabarau da jarida, ya ga rubutu raɗau, ya biya, ya dawo shago ya tarar tebur ya zama hazo. Ko dai ya jefar da tabarau ya ce jabu ne, ko kuma ya riƙa sunkuyawa har ya kai santimita 40 ɗin, ya gamu da ciwon baya da wuya, in a kan inji ne kuwa ya kai fuskarsa inda bai kamata ba. Maganin shi ne guda biyu: mai ƙaramar lamba don tebur da inji, mai babbar lamba don karanta awo da wasa kaifi. Wanda aka ba mai hawa biyu, sama na nesa ƙasa na kusa, sai ya yi hattara a kan tsani da wajen aikin rufi, domin ɓangaren ƙasa yana dushe matakala.

Wajibi ne kuma a san cewa tabarau na karatu ba garkuwa ba ne. Kan ƙusa ko ɗan guntun katako da inji ya cillo yana iya fasa shi, ya tura tarkacen cikin ido. Akwai tabarau na kariya da ake yi da roba mai tauri, mai rufe gefe. Wani ana sa shi a kan na karatu, wani kuma an haɗa masa lambar kusa a ƙasansa. Wajen gogewa, a fara ɗauraye shi da ruwa, domin shafa shi da gefen riga alhali garin katako yana kai shi ne yake karce shi cikin wata guda.

Gilashin ƙara girma yana da nasa wurin, amma wurin ƙanƙane ne. Irin wanda ake ɗaurawa a goshi, a sauke a ɗaga, ya fi na hannu domin yana barin hannu biyu su yi aiki. Mai ninka girma sau 2 yana aiki a nisan santimita 25, mai sau 3 da rabi kuwa sai an kawo abu santimita 10, kuma da an gusa kaɗan ya ɓace. Saboda haka mai sau 2 ya wadatar wajen bin haƙoran zarto da magagari, da duba bakin kurfi bayan an wasa, da cire sartse daga yatsa. A ƙarƙashinsa, kaifin da ya dakushe yana nuna wani siririn farin layi mai ƙyalli, wanda ya yi kaifi kuwa ba ya nuna kome. Amma kada a sa shi a kan injin da ke juyawa, kada kuma a yi tafiya da shi a ido. Kada a bar shi a rana kusa da garin katako, domin yana iya tayar da wuta.

Wasu dabarun ba su bukatar saye. Layin fensir a kan obeche ko malaina yana fita, amma a kan maɗaci ko loko sai a wahala. Farin fensir ko alli mai tsini ya fi, ko a manna farar takarda mai gam a ja layin a kanta. Layin da aka tsaga da wuƙa kuwa bakin kurfi yana faɗawa cikinsa da kansa, watau hannu yana jin abin da ido ya kasa gani. In za a yanka ƙafafun kujera 40 masu tsawo ɗaya, babu dalilin karanta tef sau 40: a auna sau ɗaya da safe lokacin da ido bai gaji ba, a kafa ɗan katako ya zama matsaya, ko a zana dukkan awon aikin a jikin sanda ɗaya a riƙa gwadawa da ita. Tef ɗin da lambobinsa suka goge a sauya shi da mai manyan baƙaƙen lambobi. Zaɓen launin fenti kuma a yi shi a waje da rana, a kira wani mai ƙuruciya ya sa ido, domin madubin da ya yi ɗorawa yana rikita launi.

Yanzu ga maganar da ta fi duk waɗannan nauyi. Tabarau na kasuwa yana iya gyara ganin kusa, mutum ya saki jiki, alhali wata cuta tana cin idon a ɓoye. Binciken makanta na ƙasa baki ɗaya da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007, inda aka duba mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama, ya gano cewa wajen 4 cikin 100 makafi ne, kuma kashi 84 cikin 100 na wannan makanta abin da za a iya hanawa ne ko a warkar. Yanar ido ce ta ɗauki kashi 43, hawan jinin ido kuma wajen kashi 17. Yana tana sa gani ya yi hazo, fitilar mota ta riƙa ƙyalli da dare, ƙarin lamba kuma ba ya taimakawa. Wani lokaci ma dattijo yakan wayi gari yana karatu ba tabarau, ya yi murna ido ya dawo, ashe yana ce ta fara. Aikinta a asibiti gajere ne, ana cire madubin da ya dushe a sa na roba. Masu yawo ƙauye-ƙauye suna tura yana cikin ido da tsinke ko allura kuwa, binciken nan ya nuna mafi yawan idanun da suka taɓa sun ƙare a makance.

Hawan jinin ido ya fi mugunta, domin ba ya zafi, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Daga gefe yake farawa, watau daidai inda kafinta yake ganin hannunsa na hagu sa'ad da idonsa yake kan layi. Ya fi yawa a cikin baƙar fata, yana kuma bin dangi. A binciken da aka ambata, wajen mutum 5 cikin 100 suna da shi, kuma waɗanda suka san suna da shi ba su kai 1 cikin 10 ba. Gwaji ne kaɗai yake nuna shi. Saboda haka duk wanda ya kai shekara 40 ya kamata a duba idonsa a asibiti ko da yana gani, ya kuma riƙa komawa duk shekara 1 ko 2. Mai ciwon sukari, da wanda wani nasa ya makance, duk shekara. Wanda gani ya ɗauke masa farat ɗaya, ko ya ga kamar an ja labule a gefen ido, ko ido ya yi ja da ciwo mai tsanani, ranar nan zai tafi, ba gobe ba. In garin katako ko man fenti ya shiga ido, a yi ta wanke shi da ruwa mai tsabta, mai ɗin har minti 15 ko fiye, kada a murza. Ɗan ƙarfen da ya maƙale kuma kada a bar wani ya taɓa shi da ashana ko bakin tsumma. Kada a ɗiga maganin da ma'aikacin lafiya bai rubuta ba, domin wasu suna tayar da hawan jinin ido in an daɗe ana sawa. Kwalbar gam mai kamawa nan take kuwa ta yi kama da ta maganin ido, kada a ajiye su wuri ɗaya.

Akwai Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a Kaduna, da asibitin ido na ECWA a Kano, da sassan ido a asibitocin koyarwa da manyan asibitocin jihohi. Ƙungiyoyin kafintoci suna iya neman ma'aikatan ido su zo kasuwa su duba 'yan ƙungiya a rana ɗaya, kuma Ranar Gani ta Duniya, wadda take faɗowa Alhamis ta biyu a watan Oktoba, lokaci ne da ya dace da irin wannan roƙo. Kafin kafinta ya tafi awon ido, sai ya tsaya a gaban teburinsa yadda ya saba tsayawa, ya sa yaro ya ja tef daga gefen idonsa zuwa kan katako, ya sake aunawa a kan inji, sa'an nan a wurin wasa kaifi. Ya rubuta awon nan uku a takarda, ya haɗa da tsohon tabaransa da duk maganin da yake sha, ya miƙa wa mai awon tun kafin a fara.